Abin da injina ya tono a cikin mangwaro

Ina tsakiyar yanka mangwaro da injin sare itace a wani gida sai na ji ƙararrr, tartsatsin wuta ya tashi, sarƙar injin ta tsinke ta wuce ta gefen kunnena.

Shekara tara ke nan ina sare itace a Kontagora, ban taɓa ganin ice ya yi wuta ba. Kuma jiya jiya na wasa haƙoran sarƙar nan.

Raina ya ɓaci. Na ce wa mai gidan, Baba Yohanna, "Baba, ƙusa kuka buga ba ku faɗa mini ba? Don ni baƙo ne, raina ba rai ba ne?"

Muka sa gatari muka tsaga wurin. Ashe ruwan fartanya ne a cikin gwafar mangwaron, itacen ya haɗiye shi ɗungum.

Tsohon ya juya ƙarfen, ya shafa wata shaida a jikinsa, sai ya zauna a ƙasa daɓas.

"Ɗana, fartanyar babanmu ce. A kanta na kira ƙanina ɓarawo a gaban mutane. Ya tafi Tungan Magajiya, shekara talatin bai taka gidan nan ba." Ya nuna gwafar da yatsa. "Ni na rataye ta a nan. Yanzu na tuna."

"Yana raye, Baba?"

"Yana raye."

Na ba shi haƙuri kan maganata. Ya naɗe ƙarfen a tsumma, ya tambayi motar Rijau mai bi ta Tungan Magajiya.

Ni ma rabona da kiran yayana a Gumel shekara huɗu. Jama'a, in ku ne ƙanin Baba Yohanna, za ku buɗe masa ƙofa?