Yaren da Kaka Ta Binne

Jiya wani ya ƙona taya a bayan layinmu. Warin ya mayar da ni bara, ranar da unguwarmu ta New Bell ta rikice.

Shirun Kaka ne ya fara tsorata ni. Ba ta tankaɗe sai tana wata waƙa a hanci, wadda ba mu taɓa jin kalmominta ba. Ranar sai ta yi tsit, ta ajiye rariya. Hayaƙi yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa.

Samari ne a waje, ɗaya da jarkar fetur. "Allogènes! Baƙi, ku koma arewa!"

Na riƙe zanenta. "Kaka, don Allah kar ki buɗe."

Ta buɗe. Ta yi musu magana da yarensu na Bassa, a hankali. Wallahi ban san ta iya ba. Mai jarkar ya sunkuyar da kai, suka wuce.

Da la'asar ta zaunar da ni. Ashe 'yar Bassa ce. Tana ƙarama sojan Faransa suka ƙone ƙauyensu, uwarta na ciki. Wani mahauci Bahaushe ya tsince ta a hanya, ya raine ta.

"To me kika ce musu?"

"Na ce an riga an ƙone mini gida sau ɗaya. Sha ruwa, 'yar nan, ba mai taɓa ki."

Ta rasu ban tambayi sunan ƙauyen ba. Allah Ya sanyaya makwancinta, Ya sada ta da uwarta, su yi hira da yarensu.