Ranar da Baba Ya Tsaya a Kan Alamar Tambaya

Ko daga barci aka tashe ni aka ce in faɗi abin da ba zan taɓa mantawa ba, ranar da Baba ya karanta jawabi da Turanci zan ambata. Zamanin da kuɗin mai suka shigo ne, ana ta buɗe firamare ko'ina. Ni kuma ina buga tafireta a wani ofis a Gombe, ina ji da kaina ba kaɗan ba.

Baba shi ne shugaban telolin unguwar Shamaki. Labari ya iso cewa ɗinkin kayan 'yan makaranta wani kamfani na nesa za a ba, alhali kekunan telolinmu na zaune ba aiki. Sai aka ce babban jami'in ilimi zai zo daga Bauchi, kuma ba ya jin Hausa. Teloli suka ce ba sa son tafinta, Baba ya roƙe shi da bakinsa.

Baba ya yi ajin manya, yana iya haɗa Turanci. Matsalarsa ɗaya, ba ya tsayawa. Da na buga masa jawabin, ya ɗauko shi tun daga sama kamar motar da birkinta ya tsinke, har numfashinsa ya ƙare ya hau tari.

Na ce, "Baba, waɗannan ɗige-ɗigen fa ba dattin tafireta ba ne."

"To mene ne, Uwata?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

"In kana karatun Alƙur'ani, ai kana tsayawa inda aka sa alama."

"Af! Ashe su ma Turawa sun san wannan?"

Na samo jan biro na bi alamomin ina ƙara musu girma. Na ce in ya ga waƙafi, ya ɗan shaƙi iska. Aya, ya tsaya ya ɗaga kai ya dubi mutane. Alamar tambaya, ya ɗaga murya ya dakata. Kwana huɗu muna yi bayan la'asar, ban raga masa ba ko kaɗan.

Ranar taro ina can baya, wallahi sai da na yi alfahari. Baba na tafiya tiryan-tiryan, har ya iso layin da ke cewa, wa zai ɗinka wa 'ya'yanmu kaya? Ya ɗaga murya yadda na koya masa. Sai kawai ya sauke takarda, ya kafa wa jami'in ido, ya yi shiru.

Ni dakatawar ƙirga uku nake nufi! Ga sauran rabin shafi bai karanta ba. Ɗaki ya yi tsit. Jami'in ya gyara zama, ya dubi na kusa da shi, ya sake duban Baba. Baba ko gezau. Da mutumin ya ga babu mafita, sai ya yi dariya ya ce da Turanci, "Ku za ku ɗinka." Tafi ya ɓarke, rabin shafin nan har yau ba a karanta shi ba.

A gida na ce, "Haba Baba, cewa na yi ka dakata kaɗan!"

Ya ce, "Ke kika ce tambaya ce. Tun da nake, ban taɓa ganin an tambayi babban mutum an wuce ba a ji amsarsa ba."

Na buga alamar nan sau ba adadi, amma sai ranar na san aikinta. Tun daga lokacin ba na sa ta a takarda sai na tabbata zan iya tsayawa, ido cikin ido, har a ba ni amsa.