Mai Kai Biyu a Ramin Hanwa

Da daminar shekarar da na fara cika azumi, wata Laraba da hantsi, bangon ramin ƙasa na bayan Hanwa ya rufto mini. Ƙasa ta kama ni har ƙirji, hannayena duka a ciki. Ban yi kuka ba, numfashin bai isa ba.

A ramin nan na tashi. Babanmu yana haƙar jar ƙasa, ni ina cika mangala, jakuna suna kai wa maginan Samaru. Sa'o'ina suna makaranta ko suna langa a fili, ni ina ƙasa da kwando. Masu haƙa sukan rarake gindin bango su bar samansa ya faɗo da kansa, don ya fi sauƙi. Ran nan an kwana ana ruwa, bangon bai jira kowa ba.

Babanmu da abokin aikinsa, Baba Ishaya, suka hau tona ni ta baya da shebur. Sai na ji wani abu mai sanyi yana bin wuyana. Na sauke ido na gan shi, baƙi, sumul, yana sheƙi, kaurinsa bai fi ɗan yatsa ba, kai da wutsiya duk kama ɗaya. Mai kai biyu muke ce masa. Kakata takan ce, "Wanda mai kai biyu ya sara, a nemo likkafani." A ramin kuma doka ɗaya ce, in an ga maciji a sauke masa shebur tukuna, magana daga baya. Shi kuwa yana kan maƙogwarona. Na san inda shebur zai sauka in na buɗe baki. Na yi shiru.

Ya soka mini ɗan tsinin wutsiyarsa kamar ƙaya. Na jira mutuwa, ba ta zo ba.

"Sale, suma ka yi ko hutu?" in ji Baba Ishaya. "In hutu ne, jakuna na jira."

Macijin ya gangara ta ƙirjina, ya sa kai a ƙasa mai laushi, ya nutse kamar ruwa. Sai da suka zaro ni na faɗa musu. Babanmu ya dubi shebur ɗin hannunsa, ya ajiye. Baba Ishaya ya ce, "Makaho ne, ɗana, ba shi da dafi. Kansa ɗaya, bakinsa ko ƙwayar gero ba ya ɗauka. Gara da ƙwan tururuwa yake ci. Ruwa ne ya koro shi daga gida."

Washegari na koma ramin, don babu wani wurin zuwa.

Yanzu an cike wurin, an gina wa ɗalibai ɗakuna, ko'ina siminti. Su Baba sun rasu, jakunan ma babu. Ni ina haƙa wa mutane shadda a Muchia da Jushi. In na tono mai kai biyu, nakan ɗauke shi da hannu in ajiye a gefe, in tsaya in ga ya shige. Shi ya san hanyarsa ta ƙasa. Ni har yau sai an miƙo mini igiya kafin in fito daga rami.