Sandar da ban nuna wa Kawu ba

Ni na samo wa Kawu aikin. Shi ya sa har yau raina ke ɓaci in aka yi saurin ce mini ƙaddara ce.

A wani ɗakin gwaji muke aiki, can bayan garin Riyad. Ana kawo baƙaƙen duwatsu masu mai a ciki, a tsoma su a tankin ruwa, a sakar musu lantarki. Sai ka ji tas! kamar an harba bindiga, dutsen ya tsattsage, warin kananzir ya cika ɗakin. Injiniyoyi su yi ta rubuce-rubuce, mu kuma mu kwashe ɓaraguzai.

Ranar da na fara, wani injiniya ɗan Sudan ya nuna mini wata sanda mai ƙugiyar tagulla. Ya ce akwatunan da ke bayan tankin suna riƙe wuta ko an kashe makunni, sai an taɓa su da sandar sannan wutar ta zube ƙasa.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, ya yi furfura yana gyaran wuta a Gusau. Zuwansa ya yi daidai da hutun injiniyan, aka ce ni in nuna masa aiki. Na ɗauko sandar, na fara bayani.

"Kai, ɗan nan," ya ce yana dariya, "ni za ka koya wa wuta? Ina haɗa waya tun kana cikin tsumma."

Kunya ta kama ni, na mayar da sandar. Na ce a raina sai mun koma ɗakinmu a unguwar Jaradiyya. A can ma muna cin shinkafar kabsa na buɗe baki, ya ɗauko labarin gida, na bar shi.

Rana ta uku bayan azahar mudir, wato manajanmu, ya leƙo ya ce, "Yalla, a share bayan tanki." Kawu ya kashe makunni, ya sake dubawa, don shi ba mai ganganci ba ne. A gida in an kashe wuta, to an kashe. Ya yi bisimilla ya miƙa hannun dama wajen akwatunan, wuta ta kama shi.

Ya rayu, amma an yanke shi daga gwiwar hannu. Kafili, ubangidan da ya ɗauki nauyinsa, ya buga masa huruj, wato takardar tafiya ba dawowa.

A filin jirgi ina saka masa maɓallin riga ya ce, "Mutanen nan ba su da imani. Ko su faɗa wa mutum akwatin yana riƙe wuta."

Na ce, "Haka ne, Kawu."