Tumbin da ya je Accra ya dawo

Yau da safe na fito na tarar matata, Maman Hafsat, ta shanya zannuwanta a kan kekena. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai dariya ta ƙwace min.

Keken nan fa har Accra ya je.

Shekara uku ke nan likita ya ce ko in rage tumbi, ko hawan jini ya kwantar da ni. Sai ni da abokaina, Sabo da Garba, muka ɗaura niyyar taka keke daga Agege ta Legas zuwa Ghana.

Abin da muka manta shi ne, kowane gari akwai zangon Hausawa, kuma kowane zango akwai mai ɗan'uwa a Agege. A Kwatano aka yanka mana kaji. A Lome kawun Sabo ya riƙe mu kwana huɗu, tuwo na bin shinkafa. Ka ce ka ƙoshi, a ce ka raina gida. Mu taka keke awa biyu, mu zauna gaban kwano awa biyar.

Ran da na dawo, Maman Hafsat ta dube ni sama da ƙasa.

"Baban Hafsat, hawan keken ka yi, ko haɗiye shi?"

Na ce, "Zumunci muka yi."

Ta ce, "Ai na gani. Ga zumuncin nan ya tsinke maka maɓalli biyu."

Har yau ban koma wajen likitan nan ba. Jama'a, duk wanda ya taɓa ce wa kawu "na ƙoshi" kuma aka rabu lafiya, don Allah ya koya min.