Suwic ɗin da ba shi da kwali

"Ajiye shi ƙasa, ka ja da baya!"

Sojan shingen bincike ne ya daka min tsawa, bindigarsa na kallon ƙirjina. Mai keken da ya ɗauko ni ya ɗaga hannu sama, fasinjoji sun watse.

Suwic ne fa, akwatin ƙarfen da zai raba intanet ga kwamfutocin shagona na unguwar Bulabulin. Sati biyu ina zaryar Kasuwar Litinin. Sabo a kwalinsa ya fi ƙarfin aljihuna, sai Oga Chinedu mai sayar da kayan kwamfuta ya ciro min na hannu mai araha, wanda zan iya saita shi in rage wa kwastoma mai cinye intanet gudu. Na cusa shi a buhu da wayoyinsa, ina ta murna.

"Ina kwalinsa? Ina rasit?" in ji sojan.

"Na hannu ne, yallaɓai. Kayan kwamfuta ne."

"To buɗe shi da kanka, muna kallo daga nan."

Na durƙusa a tsakiyar titi da sukundireban mai keke, ina salati. Da murfin ya ɗago, ba komai sai 'yan wayoyi, 'yar fanka da mataccen kyankyaso.

Sojan ya leƙa, ya sauke bindigar, ya share gumi. "Tashi. Gaba ka sayi mai kwali, ni ma 'ya'ya na baro a gida."

Komai na duba a jikin na'urar nan, ban da yadda mai tsoron bam zai gan ta. Ku fa, wane kayan sana'a ne ya taɓa durƙusar da ku a titi?