Ranar da Inna Ta Sa Aka Goge Fuskar Sarauniya

Aikin malamin gona ne ya koya mini son liyari. Bayan an ƙirƙiro jiharmu aka maido ni Dutse, aka ba ni babur, kullum ina hanyar Kiyawa ko ƙauyukan Jahun ina duba gero da gyaɗa. A kasuwar wani ƙauye na fara ganinsa a wuyan wata tsohuwar Bafulatana mai sayar da nono: tsohon kuɗin azurfa, faffaɗa, mai nauyi. Gefe ɗaya hoton wata sarauniyar Turawa ce mai kumatu, da mayafi a ka amma ƙirji rabi a waje, ɗaya gefen kuma mikiya mai kai biyu. Na tsaya ina kallo har tsohuwar ta ja zanenta ta harare ni.

Daga nan na kamu. Nakan bi maƙeran fari in karɓe liyari kafin su narka shi su yi munduwa. Ga wanda bai sani ba duk iri ɗaya ne, amma ni na san bambancinsu: wani gashin jelar mikiyarsa ya fi yawa, wani adon kafaɗar sarauniyar daban yake, wani kuma an buga masa ƙaramin hatimin Larabci a kunci, alamar ya ratso ƙasashe kafin ya iso mu. Wannan mai hatimin na fi ƙauna. Sai da na yi damina biyu ina lallaɓar wani dattijo kafin ya sakar mini shi. Abokan aikina suna cewa na auri Baturiya, ni kuwa ko a jikina.

Gidan da nake haya a Dutse ƙofarsa ko yaro ya tura sai ta buɗe, don haka na zuba su a kwalla na kai wa mahaifiyata ajiya a ƙauye. Inna ta tura ƙarƙashin gadonta, ba ta ko buɗe ba. Aka tura ni kwas Zariya na daɗe, ina can aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, wa'azi ya cika ko'ina.

Da na dawo na je gaishe ta, bayan na ci tuwo na ce a miƙo mini kwallata. Ta ɗauko da fara'arta, har da goge murfin da bakin zane. Ina buɗewa na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Fararen faya-fayai ne a ciki, sumul, suna ƙyalli kamar gindin sabon kwano. Ba sarauniya, ba mikiya, ba rubutu. Na juye su a tabarma ina birkitawa ina neman mai hatimi, amma ta ina zan gane shi? Duk sun zama ɗaya.

“Inna, mene ne wannan?”

“Kayanka mana. Ko ɗaya bai ɓata ba.”

“Wa ya yi musu haka?”

“Ni na sa. Ranar da nake shara na buɗe, sai na ga mace tsirara-tsirara. Na nuna wa kawunka Malam, ya ce mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da ke da sura. Ya ce a narka su, na ce a'a, yaron nan yana son abinsa. Sai na kai wa maƙeri ya kankare hoton kawai. Ka ga yanzu ko masallaci sai ka shiga da su.”

Ina da zuciya, kowa ya sani, amma ban taɓa ɗaga wa Inna murya ba, kuma ranar ma ban yi ba. Bakina ne kawai ya ƙi rufuwa. Na tashi ko takalmi ban saka daidai ba, na nufi maƙera, don can ne zan iya yin masifa.

Na sami maƙerin yana hura wuta, na zazzage masa duk abin da ke cikina. Na ce shi da ya san azurfa, ya rasa abin da zai sa wa magagari sai kayan da suka girmi kakansa? Ya bar ni na gama, sannan ya ce:

“Malam, ni aiki aka kawo mini. Ko lada ban karɓa ba, garin azurfar da ya zuba shi ne ladana, haka muke yi. Sai da na ce mata a jira ka. Ta ce ta jira har ta gaji, ƙafarta ba ta iya jurewa kuma.”

“Ƙafa? Me ya haɗa ƙafa da wannan?”

Ya dube ni da mamaki. “Au, ba ta gaya maka ba? Ai tun ranar da ta ga hoton nan ba ta ƙara sallah a ɗakinta ba. Amana ce, ba za ta fitar da ita ba. A bayan rumbu take sallah, daminar nan kaf, cikin laima. Shi ne sanyi ya kama mata gwiwa.”

Sai a lokacin na tuna yadda ta dafa bango kafin ta sunkuya ta jawo kwallar, ni kuwa idona na kan murfi.

Na koma gida a hankali. Har yau in na tuna mai hatimin nan sai na ji ƙirjina ya yi zafi, kuma ban daina jin haushin kawu ba, gaskiya ke nan. Na tarar ta tattara su ta mayar cikin kwalla, tana zaune a bakin gado ta miƙe ƙafa ɗaya, gwiwar ta kumbura. Ta ɗago tana neman fuskata.

“Ko bai iya aikin ba ne? Ni dai na ga sun yi haske.”

Na durƙusa na ɗauki kwallar. Na ce, “Ya iya, Inna. Sun yi haske. Gobe ki shirya, zan kai ki asibitin Jahun a duba ƙafar nan.”